Cutar gawut: Yadda kuɗin maganinta ke fita daga aljihun majiyyaci a Kangire da kewaye

Gawut cuta ce ta gaɓɓai wadda likitoci suka daɗe da sanin musabbabinta da kuma maganinta. Babban maganin da ake rubuta wa mai fama da ita, wato allopurinol, yana cikin tsofaffin magungunan da ba su da tsada a kasuwar duniya. Amma ga magidancin da ke zaune a Kangire, cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu, ko a ƙauyukan Gwaram da ke kudancin Jihar Jigawa, lissafin bai tsaya ga farashin ƙwaya ɗaya ba. Magani ne da ake sha kullum, galibi har ƙarshen rayuwa, yana kuma tafiya tare da gwajin jini da ganin likita da kuɗin mota. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye, kamar yadda alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya suka nuna. Don haka sanin inda kuɗin ke zurarewa, da inda za a iya toshe shi, yana cikin jinyar ita kanta.

Mece ce gawut?

A cikin jinin kowane ɗan Adam akwai wani sinadari mai suna yurik asid. Jiki ne ke samar da shi a lokacin da yake sarrafa sinadarin fiyurin, wanda ke cikin ƙwayoyin halittar jiki da kuma wasu nau'o'in abinci. Ƙoda ce ke fitar da kimanin kashi biyu cikin uku nasa ta fitsari, hanji kuma ya fitar da sauran. Idan fitarwar ta yi rauni, ko samarwar ta yi yawa, sai sinadarin ya taru. Da zarar ya haura kimanin miligiram 6.8 a kowace desilita ta jini, yana iya fara daskarewa, ya zama ɓarɓashi masu tsini kamar allura a cikin gaɓa da kewayenta. Ranar da garkuwar jiki ta far wa waɗannan ɓarɓashi, ranar ce ciwon ke tashi.

Tashin nata yana da kama da aka sani. Yawanci cikin dare yake zuwa, ba sallama. Gaɓa ɗaya ta kumbura, ta ɗauki zafi, fatar wurin ta yi sheƙi, har mayafi ma mutum ba ya so ya taɓa ta. Ga kusan rabin masu cutar, gindin babban yatsan ƙafa ne wurin da take fara kamawa, sai idon sawu da gwiwa da wuyan hannu. Raɗaɗin yakan kai ƙololuwa cikin yini guda, ya lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu ko da ba a sha komai ba. Wannan lafawar ce ke yaudarar mutane da dama, su ɗauka sun warke, alhali ɓarɓashin suna nan suna ƙaruwa. In aka bar ta shekaru, tashin yana yawaita, ƙullutai masu tauri su fito a yatsu da gwiwar hannu da gefen kunne, gaɓa ta lalace, a wasu lokuta kuma a sami tsakuwar ƙoda.

A ƙasar Hausa ba kasafai ake ware ta da suna na daban ba. Akan haɗa ta da sauran ciwon gaɓɓai a kira su sanyin ƙashi ko amosani. Wannan haɗin yana da illa ga aljihu, domin kowane irin ciwon gaɓa da nasa maganin, kuma wanda bai san abin da ke damunsa ba zai yi ta sayen abin da ba nasa ba.

Alaƙar cutar da yurik asid ba sabon sani ba ne. Wani likita ɗan Ingila, Alfred Baring Garrod, ya nuna tun a 1848 cewa sinadarin ya fi yawa a jinin masu ita. A da Turawa suna yi mata laƙabi da cutar sarakuna, saboda an fi ganinta ga masu cin nama da shan giya. Bincike na baya-bayan nan ya tabbatar da cewa ba ta bar talaka ba. Ƙididdigar cututtuka ta duniya ta kiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da ita a shekarar 2020, kuma maza sun ninka mata kusan sau uku.

Su wa ta fi kamawa?

Ta fi kama maza daga tsakiyar shekaru zuwa sama, sai mata bayan ɗaukewar al'ada. Gado yana da babban tasiri, domin ga mafi yawan masu cutar, matsalar ita ce ƙodarsu ba ta fitar da sinadarin yadda ya kamata. Ƙiba da hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙoda duk suna tafiya da ita. Masu cutar sikila ma yurik asid ɗinsu yakan hau.

Akwai magungunan da ke ɗaga sinadarin. Daga ciki akwai masu sa fitsari da ake bai wa masu hawan jini da ciwon zuciya, irin su hydrochlorothiazide da furosemide, da ƙaramin aspirin da wasu ke sha kullum, da pyrazinamide da ke cikin haɗin maganin tarin fuka. Ba a dakatar da ko ɗaya daga cikinsu da ka. Likita ake sanarwa, shi zai duba ko akwai madadi.

Ta fuskar abinci, kayan ciki irin su hanta da ƙoda, da yawan jan nama, da kifin gwangwani, da lemon kwalba mai yawan zaƙi, da giya, su ne kan gaba wajen tayar da ita. Shi ya sa kwanakin Babbar Sallah, lokacin da tsire da soye da farfesun kayan ciki suka wadata, suke buƙatar taka-tsantsan ga mai cutar. Ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara ma yana taimaka mata. Sai dai ƙaurace wa abinci kaɗai ba ya sauke sinadarin da yawa, kuma ga wanda cutar ta kama sosai, ba ya maye gurbin magani.

Magungunan kashi biyu ne

Duk wanda zai yi lissafin kuɗin jinyar gawut sai ya fara rarrabe magungunanta. Kashi na farko na kashe wutar tashin ciwo ne: colchicine, da magungunan raɗaɗi da kumburi irin su naproxen da indomethacin da diclofenac da ibuprofen, da kuma prednisolone. Ana shan su 'yan kwanaki ne a daina. Suna kwantar da kumburi, amma ba sa taɓa yurik asid ko kaɗan.

Kashi na biyu shi ne mai sauke sinadarin a jini, har ɓarɓashin da suka taru su narke sannu a hankali. A nan allopurinol yake, sai febuxostat, wanda ya fi shi sabunta, ya kuma fi shi tsada a mafi yawan wurare. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da febuxostat a 2009, sannan a 2019 ta sa masa gargaɗi mai ƙarfi game da haɗarinsa ga masu ciwon zuciya. Saboda haka akan ajiye shi ne ga wanda allopurinol bai karɓe shi ba.

Ba kowane mai yawan yurik asid ne ke buƙatar maganin kullum ba. Wanda gwaji ya nuna sinadarinsa ya hau, amma bai taɓa samun tashin ciwo ba, galibi ba a ɗora shi a kai. Ƙa'idojin da Ƙungiyar Likitocin Gaɓɓai ta Amurka ta fitar a 2020 sun ƙarfafa fara shi ga wanda ciwon ke tasar masa sau biyu ko fiye a shekara, ko wanda ƙullutai suka fito masa, ko wanda hoto ya nuna gaɓarsa ta fara lalacewa. Akan kuma duba yiwuwar fara shi da wuri ga mai ciwon ƙoda ko tsakuwar ƙoda.

Allopurinol: asalinsa da yadda ake shan sa

An samar da allopurinol ne a ɗakin binciken kamfanin Burroughs Wellcome a Amurka, ƙarƙashin Gertrude Elion da George Hitchings, waɗanda suka sami lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a 1988. An amince da shi a matsayin maganin gawut a Amurka a 1966. Aikinsa shi ne daƙile sinadarin da ke mayar da fiyurin ya zama yurik asid, ta yadda abin da jiki ke samarwa zai ragu. Sunansa na kasuwa da ya fi shahara a wannan yanki na duniya shi ne Zyloric, amma haƙƙin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa, kuma kamfanoni da yawa suna yin sa da sunansa na asali. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ƙwayoyinsa da aka fi samu biyu ne: mai miligiram 100 da mai 300. Akan fara da 100 a rana, ko ƙasa da haka ga mai raunin ƙoda, sannan a riƙa ƙarawa bayan 'yan makonni, ana bin sakamakon gwaji, har sinadarin ya sauko ƙasa da miligiram 6 a desilita. Ɗakunan gwajin da ke amfani da wani ma'aunin sukan rubuta wannan iyaka da 360. Wani 200 ta ishe shi, wani sai ya wuce 300. Gwaji ne ke nuna adadin, ba yadda mutum yake ji a jikinsa ba.

Akwai wani hali na maganin da ya jawo wa mutane da yawa asarar kuɗi. A watannin farko, yayin da ɓarɓashin suka fara motsawa, ciwon yana iya tashi fiye da da. Majiyyacin da ba a yi wa bayani ba sai ya ce maganin bai karɓe shi ba, ya watsar da shi. Don kauce wa haka ne likitoci ke haɗa shi da ƙaramin colchicine ko wani maganin kumburi na wata uku zuwa shida. Haka nan wanda ya riga ya fara shan allopurinol ba ya dakatar da shi don ciwo ya tashi.

Yadda lissafin yake

Farashin magani yana bambanta daga kantin asibiti zuwa kantin magani na cikin gari, daga wannan kamfani zuwa wancan, daga wata zuwa wata. Abin da ba ya canzawa shi ne adadin ƙwayoyi. Mai shan ƙwaya ɗaya a rana yana buƙatar 30 a wata, 365 a shekara. Ke nan duk ƙarin Naira 10 a kan ƙwaya ɗaya, ƙarin Naira 3,650 ne a shekara.

A ƙaddara, don sauƙin lissafi kawai, ana sayar da ƙwaya ɗaya Naira 50: shekara za ta ci Naira 18,250. In Naira 100 ce, wata zai ci Naira 3,000, shekara kuma Naira 36,500. In ta kai Naira 200, shekara ta zama Naira 73,000, wato ta haura mafi ƙarancin albashi na wata guda, Naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a watan Yulin 2024. Mai karatu zai iya ɗora farashin da ya tarar a kan wannan ma'auni ya ga inda ya tsaya.

Ƙarfin ƙwaya ma yana shiga lissafi. Wanda likita ya tsayar a kan miligiram 300 zai iya shan ƙwaya ɗaya mai 300 ko uku masu 100. Na farko ƙwaya 365 zai saya a shekara, na biyu 1,095. Sai in farashin mai 100 bai wuce sulusin na mai 300 ba ne za su yi daidai. Saboda haka abin da ya kamata a kwatanta shi ne kuɗin shan rana ɗaya, ba kuɗin kati ko fakiti ba, domin adadin ƙwayoyin da ke cikin fakiti ba ɗaya ba ne a wurin kowane kamfani.

Shekarar farko ta fi kowace nauyi. A cikinta ne ake biyan kuɗin kati da ganin likita, da gwajin yurik asid da na aikin ƙoda kafin a fara, da maimaita gwajin sau da dama yayin da ake daidaita adadi, da maganin rakiya na wata uku zuwa shida. Idan sinadarin ya zauna a inda ake so, gwaji yakan koma sau ɗaya ko biyu a shekara, nauyin ya ragu.

Sai kuɗin da ba a rubuta shi a rasit. Kangire mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu, kuma babban asibitin da ke hidima ga yankin shi ne Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. In lamarin ya buƙaci ƙarin ƙwararru, sai Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke Kano. Kowace tafiya tana cin kuɗin mota ko na babur zuwa da dawowa, sau da yawa na mutum biyu, domin mai kumburarriyar ƙafa ba ya tafiya shi kaɗai. Ga mutumin Sara ko Basirka ko Fagam a ƙasar Gwaram, kuɗin hanya yana iya gogayya da na maganin wata. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan ɓangare na lissafin ya ƙara nauyi.

Na ƙarshe shi ne kuɗin kwanciya. Yawancin mutanen yankin manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, waɗanda abincinsu ke ga ƙafarsu. Tashin ciwo na kwana goma a tsakiyar damina, lokacin noman farko ko maimai, yana nufin ɗaukar 'yan ƙwadago ko barin gero da dawa da riɗi a cikin ciyawa. Wannan asara ce ya kamata a auna da kuɗin ƙwaya 365, ba kuɗin maganin raɗaɗi na kwana uku ba.

Me ya sa farashi ke hawa?

Kimanin kashi 70 cikin 100 na magungunan da ake sha a Najeriya daga waje ake shigo da su, mafi yawa daga Indiya da Sin. Kamfanonin cikin gida ma sinadaran haɗa maganin daga waje suke sayowa. Don haka farashin dala yana bin kowace ƙwaya har kantin ƙauye. Kafin a saki Naira ta nemo darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ɗaya tana kusan Naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500. A cikin wannan tsakani ne kamfanin GlaxoSmithKline ya sanar, a Agustan 2023, cewa zai daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a ƙasar, kamfanin Sanofi ma ya bi sahu kafin ƙarshen shekarar.

A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a wani umarni na cire harajin shigo da kaya da harajin kayan masarufi a kan wasu injuna da sinadaran haɗa magani na tsawon shekara biyu, da nufin ƙarfafa masana'antun cikin gida. Irin wannan sauƙi masana'anta yake fara isa, ba ya sauka kan mai saye nan take.

Hanyar da magani ke bi ma tana ƙara masa kuɗi. Kano ce cibiyar sarin magunguna ta wannan yanki. A 2024 hukumomi suka tilasta wa dillalan magani na Sabon Gari komawa sabuwar cibiyar sari ta Kanawa da ke Dangwauro a kan hanyar Zariya, don a sami damar sa ido kan ingancin kaya. Daga mai shigowa zuwa babban dillali, zuwa ƙaramin dillali, zuwa kantin gari, kowane hannu da ribarsa da kuɗin dakonsa. Kuma maganin da ba a yawan nema, kamar allopurinol, ba kowane kanti ne ke ajiye shi ba, sai mai saye ya rasa inda zai kwatanta farashi.

Darasin colchicine

Tarihin colchicine yana nuna cewa tsufan magani ba ya tabbatar da araharsa. Daga wani tsiro mai fure na ƙasashen Turai ake samunsa, an kuma yi ɗaruruwan shekaru ana amfani da tsiron wajen ciwon gaɓɓai kafin masanan Faransa biyu, Pelletier da Caventou, su tace sinadarin a 1820. A Amurka an daɗe ana sayar da ƙwayarsa a kan kusan santi 9. A 2009 hukumar magunguna ta ƙasar ta amince da samfurin kamfanin URL Pharma mai suna Colcrys, ta ba shi damar keɓewa a kasuwa, daga baya kuma ta hana sayar da sauran da ba su da rajista. Sai ƙwaya ɗaya ta koma kusan dala 5. A 2012 kamfanin Takeda na Japan ya saye URL Pharma a kan dala miliyan 800. Maganin bai canza ba, dokar kasuwa ce ta canza. Abin lura a nan shi ne, yawan masu sayarwa da sa idon hukuma su ne ke riƙe farashi, a can da nan.

Wa ke ɗaukar nauyin?

Shirin inshorar lafiya na ƙasa ya fara aiki a 2005, ya kuma fi amfanar ma'aikatan gwamnatin tarayya. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa. A tsarin ma'aikata, mai rajista yana biyan kashi 10 cikin 100 ne na kuɗin maganin da aka rubuta masa, muddin yana cikin jerin da hukumar ta amince da shi. A misalin da ya gabata, Naira 36,500 za ta koma Naira 3,650. Sharaɗin shi ne a sami maganin a kantin asibitin. In aka ce ya ƙare, majiyyaci yakan koma saye a waje da cikakken kuɗi.

A matakin jiha akwai hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jigawa, JICHMA, da kuma hukumar samar da magunguna ta jihar, wadda ke saye da yawa tana rarraba wa asibitocin gwamnati. Tsarin asusun magani mai juyawa, inda ake sayar da magani da ƙaramar riba a sake sayo wani da kuɗin, ya samo asali ne daga yarjejeniyar Bamako ta 1987. Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da manufar tallafa wa cibiyar lafiya ɗaya a kowace mazaɓa da yi wa masu rauni rajista. Ya dace mai gawut ya tambayi cibiyar lafiyar mazaɓarsa ko ofishin hukumar hanyar yin rajista, da kuma ko maganinsa da gwajinsa suna cikin abin da ake ɗauke masa.

Muhimmancin wannan a fili yake idan aka dubi halin jihar. Rahoton talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya sa Jigawa cikin jihohi biyar da suka fi fama, da fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanenta. A irin wannan gida, maganin kullum yana gogayya ne da cefane da taki da kuɗin makaranta.

Arahar da ke jawo tsada

Hanyar da ta fi sauƙi ga mai ciwo ita ce kemis ɗin unguwa. A ba shi haɗin ƙwayoyi ko allurar raɗaɗi, zafi ya sauka, ya koma harkarsa. A doka, masu ƙananan shagunan magani da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ke bai wa lasisi ba su da izinin sayar da magungunan da sai da takardar likita, kuma allopurinol da colchicine da prednisolone duk suna cikin irin waɗannan. Dalilin dokar ba ɓoyayye ba ne. Yawan shan diclofenac da ibuprofen da piroxicam yana jawo gyambon ciki da zubar jini, yana ɗaga hawan jini, yana kuma raunana ƙoda. Ƙodar da ta raunana kuwa ba ta fitar da yurik asid, sai cutar ta ƙaru, buƙatar maganin raɗaɗi ita ma ta ƙaru. Doguwar mu'amala da prednisolone ko dexamethasone tana tayar da suga, tana rage ƙarfin ƙashi. Ƙarshen wannan hanya yana iya zama wankin ƙoda, wanda kuɗinsa ya yi wa na allopurinol nisa ƙwarai. Hausawa sun ce kowa ya ƙi sharar masallaci, zai yi ta kasuwa.

Sha a daina ma asara ce. Wanda ya sha allopurinol wata biyu ya bari, sinadarinsa zai koma inda yake cikin ɗan lokaci, kuma sake farawa yana iya tayar da ciwon. Wani bincike da aka yi a Nottingham ta Ingila, aka wallafa a mujallar The Lancet a 2018, ya gano cewa a cikin majiyyatan da ma'aikatan jinya suka zaunar suka yi wa cikakken bayani, suka kuma bibiyi gwajinsu, kashi 95 cikin 100 sun kai matakin da ake so bayan shekara biyu, alhali a cikin waɗanda aka bari a kan kulawar yau da kullum kashi 30 ne kawai suka kai. Magungunan da ke hannun ɓangarorin biyu iri ɗaya ne; bayani da bibiya ne suka raba su.

Inda za a iya rage kuɗi

Matakin farko shi ne tabbatar da cutar a asibiti. Gwajin da ya fi tabbaci shi ne zuƙo ruwan gaɓa a duba ɓarɓashin, amma galibi likita yana dogara ne ga alamomi da gwajin jini. Sinadarin yana iya nuna daidai a tsakiyar tashin ciwo, don haka akan maimaita gwajin bayan makonni biyu ko fiye da lafawarsa.

Na biyu, a roƙi likita ya rubuta sunan maganin na asali, ba na kamfani ba, a kuma tambayi farashi a kantin asibiti da na gari kafin a saya. A duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi a jikin fakiti, kada a karɓi ƙwayoyin da aka zube a leda babu suna.

Na uku, wanda adadinsa ya zauna zai iya neman a rubuta masa na wata biyu ko uku a lokaci ɗaya, ya haɗa ranar gwaji da ranar ganin likita, ya rage zirga-zirga. Ga manomi, kaka ce lokacin da ya fi dacewa da irin wannan saye. A ajiye maganin a inuwa, nesa da zafi da laima. Mai hawan jini kuma ya tuna wa likitansa cewa yana da gawut, domin a cikin magungunan hawan jini akwai losartan, wanda ke ɗan sauke yurik asid maimakon ɗaga shi. Da yake sau ɗaya a rana aka fi shan allopurinol, bayan cin abinci, azumi ba ya hana shi: ana iya mayar da shi bayan buɗa-baki, tare da yawaita shan ruwa kafin sahur.

Alamomin da ba a jira da su

Allopurinol yana karɓar mafi yawan mutane, amma ga 'yan kaɗan yana jawo mummunar illa ga fata, musamman a watannin farko. Duk wanda ya ga ƙuraje, ko zazzaɓi, ko gyambo a baki da idanu, ko saɓar fata bayan fara shi, ya dakatar nan take ya tafi asibiti. Ba a haɗa shi da azathioprine ko mercaptopurine sai da sanin likita. Colchicine kuma tazarar da ke tsakanin adadinsa mai amfani da mai kisa ba ta da faɗi. Gudawa da amai alama ce ta ya yi yawa, ba a ƙara shi da ka, ba a haɗa shi da clarithromycin, kuma a nisanta shi daga yara.

Gaɓar da ta kumbura tare da zazzaɓi mai zafi da makyarkyata tana iya zama ƙwayar cuta ce ta shige ta, ba gawut ba. Wannan yana iya lalata gaɓa cikin 'yan kwanaki, kuma asibiti ne kaɗai wurinsa.

Gawut tana cikin cututtukan gaɓɓai ƙalilan da ake iya hana su tashi ɗungurungum idan aka riƙe sinadarin ƙasa da iyakarsa. Abin da hakan ke buƙata a Kangire da Gwaram shi ne maganin da ba ya yankewa a kantin asibiti, da gwajin da ba sai an yi doguwar tafiya ba, da majiyyacin da ya san dalilin shan ƙwayarsa a ranar da ƙafarsa ba ta ciwo.